Hukuma a Ƙofar Ɗakin Mai Jego: Tarihin Nono da Allon Kallo a Kwarin Bakalori

Masu tarihin Musulunci sun ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi wani ayarin fatake ya sauka a Madina, halifan da kansa ya kwana yana tsaron kayansu, kuma cikin daren nan ya yi ta jin kukan wani jariri wanda uwarsa ta kasa rarrashinsa. Da ya matsa mata da tambaya, ba tare da ta san ko wane ne ba, sai ta bayyana masa cewa yaye yaron take son yi tun lokacinsa bai kai ba, domin baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai bayan an yaye shi. Da gari ya waye halifa ya sa aka yi shela cewa daga ranar duk abin da aka haifa yana da rabonsa tun daga haihuwa, kada wata uwa ta sake gaggauta yaye. Halifan bai taɓa umartar wata mace ta cire ɗanta daga nono ba. Ƙa'idar rabon kuɗi kawai ya kafa, ƙa'idar kuma ta bi ɓarauniyar hanya ta shiga ɗakin mai goyo, har ta kai ga bakin jariri.

Wanda ya bi diddigin yadda hukuma ta taɓa tarbiyyar ƙananan yara a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun zai riƙa tuna wannan ruwaya a kowane mataki. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna yammacin Jihar Zamfara, gulbi ɗaya ya ratsa su, madatsar ruwa ɗaya ke shayar da gonakinsu, kuma kowace a cikinsu ta ba jihar gwamna: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, sai Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Ba za a ce mulki ya yi nisa da wannan yanki ba. Abin tambaya shi ne ta wace ƙofa ya shiga gidajen mutane, kuma me ya tarar a ciki.

Tun kafin a ga asibiti ko malamin lafiya, shayarwa tana da hukumarta, wato kaka da uwar miji da ungozoma, sannan malamin unguwa a bayansu. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure kuma sun yi bayanin 'yan'uwantakar nono da abin da take haramtawa na aure. Al'ada ta ɗora nata a kai. Mai jego tana wankan ruwan zafi safe da yamma na kwana arba'in ko fiye, tana shan kunun kanwa don nono ya kawo, idan haihuwar fari ce kuma a gidan iyayenta take yin jegon, inda kunyar ɗan fari kan hana ta nuna iko a kan jaririn, sai ragamarsa ta koma hannun kakarsa. Ana shayar da yaro shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, macen da ta yi ciki da goyo a bayanta kuwa ana ganin ta cuci yaron, ana kuma yi mata gori. Ta fuskar tsawon shayarwa, matan wannan ƙasa ba su taɓa buƙatar wa'azin kowace gwamnati ba.

Rauni yana wurare biyu, kuma dukkansu a farkon rayuwa suke. Na farko shi ne dakashi, nonon farko mai kauri da launin rawaya, wanda gidaje da yawa suka ɗauka gurɓatacce ne, a tatse shi a zubar, a riƙe jaririn da ruwa ko nonon dabba har kwana biyu ko uku, wani lokaci ma sai an gwada nonon uwar an tabbatar ba shi da cuta. Na biyu shi ne ruwa. A ƙasar da rana ke ƙuna a watan Maris da Afrilu, inda baƙo ko daga ina ya fito da ruwa ake fara tarbarsa, hana jariri ruwa ya yi kama da rashin imani, domin shi ma baƙo ne, kuma ba shi da bakin da zai ce yana jin ƙishirwa. Ba jahilci ne ya haifi wannan ɗabi'a ba, tausayi ne. Sai dai ruwan rijiya da na gulbi da ake ɗura wa jaririn su ne hanyar gudawa, kuma duk cikin da ruwa ya cika ya rage wa nono wuri. Kusan duk abin da hukuma ta yi ta faɗa a shekara arba'in da suka wuce a kan waɗannan abubuwa biyu yake, dakashi da moɗar ruwa.

A ɓangaren kallo kuwa, abin da mutane suka manta shi ne, allon kallo na farko da yaran karkarar Arewa suka sani na hukuma ne. A zamanin Turawa, musamman bayan kafa sashen shirya fina-finai na mulkin mallaka a Ingila a 1939, sannan a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa a shekarun 1950 da 1960, motocin majigi suna zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan sallar isha'i, mai fassara ya riƙe lasifika yana bayani da Hausa. Ana nuna noman auduga da gyaɗa, da tsaftar rijiya, da rigakafin agana, da kula da jarirai, kuma yara ne ke cika sahun gaba, zaune a ƙasa. A wancan zamani hukuma ce ke zaɓen abin da za a kalla, ita ke sa lokacin farawa, ita ke naɗe ƙyallen ta tafi, sai kuma bayan watanni. Ba a taɓa samun lokacin da gwamnati ta mallaki idon yaro kamar wannan ba, kuma ba a sake samu ba.

A can duniya kuwa wata rigima ce ke tasowa a kan nonon uwa. A 1939 wata likitar yara mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana kuma ta bayyana wa likitocin duniya cutar kwashoko, ta yi jawabi a Singafo inda ta ɗora alhakin mutuwar jarirai a kan tallar madarar gwangwani. Maganarta ta daɗe ba ta sami masu saurare ba, sai a 1974 da wata ƙungiyar agaji ta Ingila ta wallafa rahoto a kan yadda kamfanonin madara ke tallata hajarsu ga matalautan mata waɗanda ba su da ruwa mai tsabta ko kuɗin sayen isasshiyar madara. A 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka, a watan Mayun 1981 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙa'idar hana tallar abin da ke maye gurbin nonon uwa, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. Najeriya ta mai da ƙa'idar doka da Dokar Soja mai lamba 41 ta 1990, ta gyara ta da mai lamba 22 ta 1999, aka kuma ɗora wa hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, nauyin tsaronta.

Doka ce mai kyau, kuma ta yi amfani a Legas da Kaduna da Kano, inda matan ma'aikata suka fara ɗaukar bulumboti a matsayin alamar wayewa. Amma a ƙauyukan Mafara gwangwanin madarar jarirai bai taɓa zama babban abokin gabar nono ba, domin kuɗinsa ya fi ƙarfin manomi, balle bayan 1986 da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira. An ƙera garkuwa domin kibiyar da ba ta nan take fitowa ba.

Hannun gwamnati da mutanen yankin suka ji a jikinsu a wannan zamani na daban ne. Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato, domin noman rani a filayen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tashi dubban mutane, aka baje filaye aka hana shuka na tsawon damuna fiye da ɗaya, biyan diyya kuma ya zo da jinkiri da ƙorafi. Manoma suka tare hanyoyin aikin, a ƙarshen Afrilun 1980 kuma, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen yankin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Babu wanda ya rubuta wannan a babin shayarwa, amma a nan ya kamata a sa shi, domin macen da rumbunta ya zama wayam jikinta ne ke biyan kuɗin nonon da take bayarwa, kuma ƙauyen da ya ga abin da ya gani a 1980 ba zai yi saurin gaskata ma'aikacin gwamnati ba idan ya zo yana cewa a daina ba jariri ruwa. A cikin shekarun nan ne kuma akwatin talabijin ya fara shiga gidajen manyan ma'aikata, bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 da haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA a 1977, yaran unguwa suna leƙe ta taga.

Sauyi na gaske a manufar lafiya ya zo da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1985 zuwa 1992. Shi ya karkata akalar gwamnati daga manyan asibitoci zuwa kiwon lafiya a matakin farko, ya yaɗa ruwan gishiri da sukari don maganin gudawa, ya ƙarfafa rigakafi, ya kuma sa shayarwa a sahun gaba. A zamaninsa aka yi sanarwar Innocenti a birnin Fulorens na Italiya a Agustan 1990, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar da shirin asibitoci masu kula da shayarwa a 1991, Najeriya ta shiga cikinsa tun da wuri, daga 1992 kuma aka fara makon shayarwa na duniya a kwanakin 1 zuwa 7 ga Agusta. Ƙa'idojin shirin a fili suke: a ɗora jariri a ƙirjin uwarsa cikin sa'ar farko, a bar su ɗaki ɗaya, kada a ba shi komai sai nono, kada a karɓi kyautar madara daga kamfani. Sai dai duk wannan gini a kan gadon asibiti aka kafa shi, alhali mafi yawan matan wannan yanki a ɗakunansu suke haihuwa. Har a binciken lafiya na ƙasa na 2018, bayan kusan shekara talatin, matan Arewa maso Yamma da suka haihu a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sa'ar farko da likitoci ke magana a kai tana hannun ungozoma da uwar miji, su kuwa ba a kira su taron bita ba sai daga baya.

A ranar 1 ga Oktoba 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato, a ranar 27 ga Oktoba 1999 kuma Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000. A cikin matakan da suka biyo baya har da rufe gidajen sinima da matsa wa gidajen kallo lamba. Wannan ne karo na farko da gwamnatin jihar ta sa hannu a kan abin da jama'a ke kallo, kuma hujjarta tarbiyya ce da hana cakuɗuwar maza da mata, ba lafiyar ido ko ƙwaƙwalwar yaro ba. Kano ma ta bi sahu da dakatar da harkar fim a ƙarshen 2000 da kafa hukumar tace fina-finai a 2001. Abin da ya biyo baya shi ne kallo ya tashi daga dandali ya koma cikin gida, inda kaset ɗin bidiyo, daga baya faifan CD, suka zama abokan hirar matan kulle da 'ya'yansu. A Agustan 2001 kuma wayar salula ta fara aiki a Najeriya bayan gwanjon lasisi da gwamnatin Obasanjo ta yi a farkon shekarar, ba tare da wani ya hango cewa wannan 'yar na'ura za ta haɗiye sinima da talabijin da rediyo gaba ɗaya ba.

A wannan shekara ta 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da shawara a kan wata shida na nono zalla, Najeriya ta sa shi cikin manufarta ta ciyar da jarirai da ƙananan yara a 2005. Lokacin bai dace ba. A 2003 Zamfara tana cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin an gurɓata maganin, kuma ko bayan an koma yi, shakkar da ta shiga zukata a kan duk saƙon da ya fito daga Abuja ko Janeba ba ta gushe da wuri ba. Alƙaluman ƙasa sun nuna haka: kashi 17 cikin ɗari na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla a 2003, ya faɗi zuwa 13 a 2008, ya koma 17 a 2013. Shekara goma na taruka da fastoci da waƙoƙin rediyo sun ƙare inda suka fara.

Masifa ce ta jawo idon duniya zuwa yammacin Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, a wurin da mata ke daka da girki da shayarwa, yara kuma ke rarrafe. Yara kimanin 400 suka mutu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa sansani a Anka. Daga 2011, shekarar da Abdul'aziz Yari ya hau mulki, shirin WINNN na inganta abinci mai gina jiki, da kuɗin gwamnatin Ingila da hannun UNICEF da Save the Children da Action Against Hunger, ya fara aiki a jihohi biyar, Jigawa da Katsina da Kebbi da Yobe da Zamfara, kuma Bakura tana cikin ƙananan hukumomin da aka zaɓa. Wannan shiri ya gyara kuskuren baya ta wani ɓangare, domin ya fita daga asibiti ya shiga unguwa, ya kafa ƙungiyoyin mata masu koya wa juna, ya nemi bakin limamai da masu unguwanni da magidanta, ya kuma bayyana wa kakanni cewa nono da kansa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, don haka uwar ce za ta sha ruwan, jaririn ya same shi a tace. A ranakun rabon maganin tamowa kuma mata suka riƙa cika ɗakunan shan magani da ba su saba takawa ba.

Gwajin da ya fi kusa da hukuncin Sayyidina Umar an yi shi a cikin jihar, a Anka da Tsafe, tare da wasu ƙananan hukumomi uku na Jigawa, daga 2013 zuwa 2019. A shirin tallafin renon yara na CDGP ana ba mace naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mai da shi 4,000, tun daga tabbatar da cikinta har yaron ya cika shekara biyu, wato daidai tsawon shayarwa, tare da nasiha a kan abinci da tsafta. An raba wa matan wayoyin hannu domin karɓar kuɗin da sauraren saƙonni. Masu tantance shirin sun tarar shayar da nono zalla ta ƙaru sosai a ƙauyukan da aka biya, tsumburewar yara kuma ta ragu. A ganina wannan ne darasi mafi girma a dukkan tarihin nan, domin nasihar da aka yi shekara ashirin ana yi ba ta kama ba sai da ta zo da abin cefane a hannunta. Kuɗin na baƙi ne, da wa'adinsu ya cika shirin ya tsaya. Wayoyin kuwa sun zauna a ɗakunan mata.

Shekarar 2019 ta tara abubuwa da yawa. A Afrilu Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta ta farko a kan kallon allo ga ƙananan yara: kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban talabijin ko waya, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. A Agusta ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana ba jariri ruwa kafin wata shida, bayan binciken 2018 ya nuna an kai kashi 29. A shekarar ce kuma Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida, kamar yadda Legas ta yi tun 2014, alhali dokar ƙwadago ta ƙasa mako 12 ta tanada, ma'aikatan tarayya kuma mako 16. Hutun haihuwa hakki ne, kuma malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya a Talata Mafara tana buƙatarsa, amma ba shi da ma'ana ga mai surfe da mai sussukar shinkafa a Bakalori, wadda ba ta da ofishin da zai sallame ta. Shawarar kallon allo kuwa ba ta sami ko gangami ba. Ta iso a lokacin da kowace kasuwa ke da rumfar cajin waya da masu tura fina-finai a katin memori, fassarar Indiya da Hausa ta cika gidaje, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta zama abokiyar hirar dare, uwar da aiki ya yi wa yawa kuma ta gano cewa babu abin da ke tsayar da kukan ɗan yaye kamar a miƙa masa waya. Yaron da a da ake kai shi gidan kaka ya manta nono da fura da tatsuniya, yanzu da haske a tafin hannu ake lallashinsa.

A Maris 2020 cutar korona ta rufe makarantun ƙasar, gwamnatoci suka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, wato hukuma da kanta ta tura yara gaban akwati. Shekarar da ta biyo baya ta fi muni ga wannan yanki, domin kowace cikin ƙananan hukumomin uku ta ga an kwashe ɗalibanta. A daren 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a Talata Mafara, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta suka afka wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba suka kwashe ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, mahaifar gwamnan lokacin. Gwamna Matawalle ya rufe makarantun jihar, ya riga ya hana cin kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka, sannan bisa buƙatarsa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara daga 3 ga Satumba. Mako biyu aka ce da farko. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba, wasu makarantu kuma ba a fara buɗe su ba sai a Janairun 2022.

Ba domin yara aka kashe wa jihar waya da intanet ba, domin a katse 'yan bindiga da masu kai musu rahoto ne. Duk da haka abin da ya faru a gidaje ya cancanci a rubuta shi. Kallo bai tsaya ba, domin fim ɗin da ke katin memori ba ya buƙatar layi, yaran da aka rufe wa makarantar boko kuma, wasunsu har allon makarantar zaure ya gagare su saboda gudun hijira, sun sami yini cikakke ba abin yi. Abin da ya tsaya shi ne kuɗin da ɗa ke turo wa uwarsa daga Legas ko Fatakwal, da kiran mai mota idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, da cinikin ranar Talata wadda garin Mafara ya samo sunansa daga gare ta. Matakin da aka ɗauka a kan waya bai rage wa yaro kallo ba, ya rage wa mai shayarwa abinci.

Abin da ya rage na labarin gajere ne, kuma kowa a yankin ya san shi. Hare-hare sun hana noma a gonakin da ke nesa da gari, ƙauyuka sun watse zuwa cikin Talata Mafara da Bakura da Maradun, cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da sakin naira a watan da ya biyo baya sun ninka farashin hatsi. Ƙungiyar MSF tana riƙe da sashen kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin Talata Mafara, a tsakiyar 2024 kuma gwajin da aka yi a Shinkafi da Zurmi ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da ita. Likitoci sun tabbatar cewa ko mace mai rama tana iya samar da nono, kuma a zaman gudun hijira, inda ruwa ya fi ƙazanta, nonon ne kaɗai abincin da ba ya ɗauke da cuta. Amma mai gaya wa uwa wannan magana alhali ba ta karya kumallo ba, ya san nauyin abin da yake nema a wurinta.

A wasu ƙasashe gwamnatoci sun shiga tsakanin yaro da allo da ƙarfin doka. Sin ta taƙaita wasannin intanet ga 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa sa'a uku a mako a Agustan 2021, Ostareliya kuma ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga shafukan sada zumunta a Nuwamban 2024. Har zuwa ƙarshen 2024 babu dokar Najeriya ko ta Zamfara da ta ƙayyade sa'o'in kallon yaro, sau biyun da hukumar jihar ta taɓa allo, a 2000 da 2021, tarbiyyar manya da tsaron gari ne suka sa. A ɓangaren nono kuwa a 2024 doka ta cika shekara talatin da huɗu, manufa ta kusa ashirin, ƙasashen duniya kuma sun yi alkawari tun 2012 cewa rabin jarirai za su riƙa shan nono zalla kafin 2025. Binciken lafiya na ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya tarar da Najeriya a kashi 29 cikin ɗari, daidai inda na 2018 ya bar ta.